Manyan Ayyukan Kwamfuta Na Gwamnati: Wa Ke Sa Wa Ɗan Kwangila Ido?

DIKO, Jihar Neja — A mararrabar Diko, inda hanyar Minna ta rabu da babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna, akwai wata sana'a wadda ba a san da ita ba shekaru 15 da suka wuce. Matasa ne ke zaune ƙarƙashin laima ko cikin ƙananan shaguna, kowane da na'urar POS a hannu, suna karɓar kuɗi suna biya a madadin banki. Dillalan doya da masara, da direbobin manyan motoci, da mata masu sayar da abinci, galibi ta hannunsu suke bi. Ranar da na'urar ta yi aiki, ciniki yakan ƙare cikin minti guda. Ranar da ta ƙi, mai kaya yakan riƙe kayansa, mai saye kuma ya tsaya yana nuna wayarsa cewa an cire kuɗi daga asusunsa, alhali ba su isa inda aka tura su ba.

Diko tana cikin Ƙaramar Hukumar Gurara ne, a masarautar Suleja, kuma tafiyar awa guda ce da 'yan mintoci a mota daga ofisoshin ma'aikatun Tarayya da ke Abuja. A waɗannan ofisoshi ake sa hannu a kan kwangilolin na'urori masu ƙwaƙwalwa na miliyoyin Daloli, amma a garuruwa irin su Diko ake gane ko aikin ya yi kyau ko bai yi ba. A yau ɗan kasuwa ba ya buɗe asusun banki sai da lambar BVN ko lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, ba ya riƙe layin waya sai da wannan lamba ta NIN, kuma rajistar kamfani da biyan kuɗaɗen Gwamnatin Tarayya duk sun koma ta kwamfuta.

Tarihin irin waɗannan ayyuka a Nijeriya cikin shekaru 25 da suka gabata ya nuna cewa ba safai ake rasa kuɗi ko na'urori ba. Abin da aka fi rasawa shi ne ƙwararrun da za su zauna a ɓangaren gwamnati, su tsara abin da ake bukata kafin a ba da kwangila, su bi sawun ɗan kwangila yayin da yake aiki, su gwada abin da ya kawo kafin a biya shi, sannan su iya tafiyar da aikin bayan ya tattara nasa ya nasa ya tafi.

Aikin da ido ba ya gani

Idan gwamnati ta ba da kwangilar hanya, takan naɗa injiniya mai ba da shawara wanda zai auna kaurin kwalta, ya duba ƙarfin siminti, ya sa hannu kafin a fitar da kuɗi. Ko da an yi ha'inci, ruwan damina ɗaya ko biyu sun isa su tona asiri, kuma kowane direba da ke bin hanyar Suleja zuwa Minna zai iya faɗin inda aka yi algus. Aikin kwamfuta ba haka yake ba. Manhajar da aka gina rabi da wadda aka kammala duk kamarsu ɗaya a allon da ake nuna wa minista ranar bikin ƙaddamarwa. Sai wanda ya san sana'ar ne zai iya tambayar ko mutum nawa tsarin zai ɗauka a lokaci guda, da abin da zai faru idan wuta ta ɗauke ko sabis ya yanke, da kuma wanda ke riƙe da mabuɗin rumbun bayanai.

Wannan matsala ba ta Nijeriya kaɗai ba ce. Wani bincike da Jami'ar Oxford da kamfanin McKinsey suka fitar a 2012, bayan nazarin ayyukan kwamfuta fiye da 5,400, ya gano cewa manya daga cikinsu, wato waɗanda kuɗinsu ya haura Dala miliyan 15, sukan zarce kasafinsu da kashi 45 cikin 100, su kuma samar da amfanin da ya gaza abin da aka yi alkawari da kashi 56 cikin 100. Idan haka lamarin yake a kamfanoni da hukumomin da ke da nasu injiniyoyi, ana iya kwatanta halin ma'aikatar da ba ta da ko mutum guda da zai karanta takardar ɗan kwangila ya fahimce ta.

Katin shaida da kyamarorin Abuja

Babu aikin da ya fi bayyana wannan rauni kamar katin shaidar ɗan ƙasa. Tun ƙarshen shekarun 1970 ake maganarsa, kuma gwamnatoci da dama sun kashe kuɗi a kai ba tare da an ga kati ba. A 2001 aka bai wa kamfanin Sagem na ƙasar Faransa kwangilar Dala miliyan 214. An yi rajista a 2003, inda aka rubuta mutane kimanin miliyan 52, amma katunan da suka fito ba su wuce kimanin miliyan 37 ba. A ƙarshen wannan shekara aka gurfanar da wasu manyan jami'an gwamnati gaban kotu bisa zargin karɓar rashawa. A 2012 wata kotu a birnin Paris ta ci tarar kamfanin Safran, wanda ya gaji Sagem, Yuro 500,000, ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2015.

Maganar rashawa ce ta fi jan hankalin jama'a a wancan lokaci, amma akwai asarar da ta fi ta daɗewa. Lokacin da aka kafa hukumar NIMC da dokar 2007, ba a iya ɗora sabon gini a kan tsohon ba. Sai da aka koma aka fara yi wa 'yan ƙasa rajista daga farko domin ba su lambar NIN mai alƙaluma 11. Mutumin Diko ko Lambata da ya bar gonarsa ya bi layi a 2003, dole ya sake bin wani layin bayan shekaru.

Misali na biyu yana kan titunan Abuja. A 2010 Gwamnatin Tarayya ta bai wa kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar Dala miliyan 470 domin kafa tsarin sadarwar tsaro, wanda ya haɗa da kyamarori kimanin 2,000 a Abuja da Legas. Dala miliyan 399.5 daga cikin kuɗin rance ne daga bankin Exim na Sin. Kamfanin ya dage cewa ya kammala aikinsa ya miƙa, kuma rashin kuɗin gudanarwa daga ɓangaren gwamnati ne ya sa tsarin ya tsaya. Majalisar Wakilai ta gudanar da bincike, kuma a 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta umarci gwamnati ta yi bayanin yadda aka kashe rancen. Ko ma wane ne ke da laifi, kyamarorin ba su yi aikin da aka saye su dominsa ba, bashin kuwa yana wuyan ƙasa.

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen injin niƙa ya san cewa kuɗin sayen inji daban, kuɗin gas da mai gyara da kayan canji daban. Lissafin waɗannan kuɗaɗe na shekaru biyar ko goma masu zuwa, tare da tantance hukumar da za ta riƙa biyansu daga kasafinta, yana cikin aikin farko da ƙwararre ke yi kafin a sa hannu a kan kowace yarjejeniya.

Layi ɗaya cikin takardar kwangila

Akwai kuma ayyukan da suka yi nasara, amma wata 'yar magana a cikin yarjejeniyarsu ta jawo rigima. Tsarin asusun bai ɗaya na gwamnati, wato TSA, wanda aka tilasta wa dukkan ma'aikatu shiga a watan Satumba na 2015, ya tattara kuɗaɗen gwamnati da ke warwatse a dubban asusu na bankunan kasuwanci zuwa Babban Bankin Nijeriya. Manhajar Remita ta kamfanin SystemSpecs, wanda na 'yan ƙasa ne, ita ce ta ɗauki aikin. Sai dai la'adar kashi ɗaya cikin 100 da aka amince a riƙa cira, ana rabawa tsakanin kamfanin da bankuna da Babban Banki, ta zama kuɗi mai yawan gaske da zarar dukkan kuɗin gwamnati suka fara bi ta wannan ƙofa. Majalisar Dattawa ta ta da maganar a watan Nuwamba na 2015, kuma daga baya aka koma ga ƙayyadadden kuɗi wanda mai biya ke ɗauka. La'adar da ta dace da buhu goma ba lalle ta dace da tirela ɗari ba, kuma dillalan hatsi sun daɗe da sanin haka.

Tsarin biyan albashi na IPPIS, wanda aka fara a 2007 da ma'aikatu bakwai da tallafin Bankin Duniya, shi ma ya yi amfani. Ma'aikatar Kuɗi ta ce ya zuwa farkon 2015 ya bankaɗo ma'aikatan bogi fiye da 60,000. Amma da aka zo shigar da jami'o'i, malamai suka ce tsarin bai yi la'akari da yanayin aikinsu ba, kamar malamai masu ziyara da masu hutun bincike. Wannan takaddama tana cikin dalilan yajin aikin wata takwas na 2022, kuma a watan Disamba na 2023 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince a fitar da manyan makarantu daga tsarin. 'Yan kasuwar da ke kewaye da jami'o'i, daga masu gidajen haya zuwa masu shagunan buga takardu, sun ɗanɗana kuɗarsu a tsawon waɗannan watanni.

Yadda abin ke isowa ƙauye

Ga manoman yankin Gurara, misalin da ya fi kusa shi ne shirin rabon taki ta wayar salula da aka fara a 2012, lokacin da Dokta Akinwumi Adesina ke Ministan Aikin Gona. Manomi yakan sami saƙo a wayarsa, ya je wurin dillali ya karɓi buhun taki biyu a kan rabin farashi. Shirin ya rage hannun 'yan tsakiya, ya kuma yi wa miliyoyin manoma rajista. Amma ya gamu da ƙauyukan da babu sabis, da manoman da ba su da waya ko ba su iya karanta saƙon ba, sannan dillalan taki suka yi ta bin gwamnati bashin kayan da suka riga suka bayar. Manhajar ta yi aikinta, amma hanyar biyan dillalai da ke bayanta ta gaza, kuma jarin 'yan kasuwa ne ya maƙale.

A watan Disamba na 2020 aka ba da umarnin haɗa kowane layin waya da lambar NIN cikin mako biyu, a daidai lokacin da masu lambar ba su wuce kimanin miliyan 43 ba. Jama'a suka yi cincirindo a ofisoshin NIMC ana tsakiyar annobar korona. An yi ta ɗage wa'adin, har a watan Afrilu na 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 70 kiran waya, kuma ba a rufe maganar ba sai a watan Satumba na 2024. Ga ɗan kasuwar da ke jiran kiran direban da ya ɗauko masa kaya daga Kano, rufe layi na kwana uku asara ce da ake iya ƙirgawa da Naira.

Haka aka gani a farkon 2023, lokacin canjin takardun Naira. An ɗauka cewa jama'a za su koma tura kuɗi ta waya, amma na'urorin bankuna da dama ba su iya ɗaukar yawan cinikin da ya afka musu a lokaci guda ba. A kasuwannin karkara an sayar da amfanin gona da dabbobi a kan farashi mai rahusa ga duk wanda ke da tsabar kuɗi a hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji Hausawa. Gwajin ƙarfin na'ura kafin a ɗora mata nauyin ƙasa baki ɗaya aiki ne sananne, kuma akwai masu yin sa.

Inda aka dace

Shirin lambar BVN, wanda Babban Banki da kwamitin shugabannin bankuna suka ƙaddamar ranar 14 ga Fabrairu, 2014, ya bi wata hanya dabam. Kamfanin Dermalog na ƙasar Jamus ne ya kawo fasahar ɗaukar zanen yatsa, amma rumbun bayanan yana hannun NIBSS, wato kamfanin da bankuna da Babban Banki suka mallaka, wanda ke da nasa injiniyoyi. An san mai aikin, an san masu biya, kuma rassan bankuna da ke ko'ina su ne suka zama wuraren rajista. Ya zuwa 2024 masu lambar sun haura miliyan 60.

Ita ma hukumar NIMC ta ga canji bayan da aka sauya salon aiki. A watan Fabrairu na 2020 Bankin Duniya ya amince da shirin ID4D, wanda shi da hukumar raya ƙasashe ta Faransa da bankin zuba jari na Turai suka yi alkawarin Dala miliyan 430. Shirin ya zo da sashe na musamman na ƙwararru masu kula da aiwatarwa, ya ba da dama kamfanoni masu zaman kansu su riƙa yin rajista da lasisi, ya kuma gindaya sharaɗin kafa dokar kare bayanan jama'a, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023. Masu lambar NIN sun haura miliyan 100 a wannan shekara. Duk da haka ba a cim ma adadin miliyan 148 da aka tsara zuwa tsakiyar 2024 ba, sai da aka ƙara wa'adi zuwa 2026.

Ƙasar Indiya ta yi abin da ya fi haka. A 2009 ta ɗauko Nandan Nilekani, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Infosys, ta ba shi muƙami daidai da na minista, ta ɗora shi a kan shirin Aadhaar. Ya tara injiniyoyi daga kamfanoni suka zauna tare da ma'aikatan gwamnati, kuma maimakon a miƙa wa kamfani guda aikin tantance zanen yatsu, sai aka raba shi tsakanin kamfanoni uku da ke gogayya da juna. An ba da lamba ta farko a watan Satumba na 2010, kuma zuwa Afrilu na 2016 an kai mutum miliyan dubu.

Ingila da Amurka kuwa sai da suka ƙone hannu suka koyi darasi. Shirin haɗa bayanan asibitocin Ingila, wanda aka fara a 2002, an rushe shi a 2011, kuma an ƙiyasta kuɗinsa a kan kusan Fam miliyan dubu 10. A wannan shekara ta 2011 gwamnatin ƙasar ta kafa hukumar sa ido kan manyan ayyuka da kuma sashen ƙwararrun kwamfuta na cikin gida, daga baya ta ƙayyade cewa ba za a ba da kwangilar kwamfuta da ta haura Fam miliyan 100 ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili. A Amurka, shafin inshorar lafiya da aka buɗe ranar 1 ga Oktoba, 2013 ya durƙushe nan take, har mutum shida kacal suka iya kammala rajista a ranar farko, duk da cewa kamfanoni fiye da 50 ne suka yi aikin. Ƙaramin ayarin ƙwararru ne ya farfaɗo da shi cikin wata biyu, abin da ya sa aka kafa sashen ƙwararru a Fadar Shugaban Ƙasa a 2014, wanda aka sauya wa suna da manufa a 2025.

Akwai dokoki, ina mutanen?

Nijeriya ba ta rasa hukumomin da suka dace ba. Akwai majalisar rajistar ƙwararrun kwamfuta ta CPN da aka kafa da dokar soja mai lamba 49 ta 1993. Akwai hukumar NITDA, wadda aka kafa a 2001 ta kuma sami dokarta a 2007, kuma ƙa'ida ce ma'aikatun Tarayya su kai mata ayyukan kwamfuta ta tantance kafin su fara. Akwai kamfanin Galaxy Backbone da aka kafa a 2006 domin ma'aikatu su daina sayen na'urori iri ɗaya kowace da nata. Akwai kuma hukumar BPP mai kula da ƙa'idojin ba da kwangila a ƙarƙashin dokar 2007.

Sai dai galibin wannan tantancewa a bakin ƙofa take tsayawa. Ana duba takardu a ba da izini, alhali aikin kwamfuta yakan lalace ne a tsakiya: lokacin da ma'aikata ta sauya abin da take so, ko aka canza minista, ko ɗan kwangila ya janye gogaggun ma'aikatansa ya bar 'yan koyo, ko aka biya kaso na uku ba tare da an gwada na biyu ba. A wannan tsakani ne ake bukatar mutumin da zai kasance a wurin kullum.

Aikin irin wannan ƙwararre a fili yake. Kafin kwangila, yakan je wurin masu amfani da tsarin ya ga yadda suke aiki, ya rubuta bukatun cikin harshen da za a iya aunawa. Cikin yarjejeniya, yakan tabbatar an rubuta cewa bayanai da asalin rubutun manhajar mallakar gwamnati ne, kuma za a iya miƙa su ga wani kamfani idan an rabu. Yakan raba aikin kashi-kashi, yadda ba za a biya kowane kaso ba sai an ga yana aiki a hannun jama'a. Yakan nemi a fara gwaji a ƙaramin wuri, kuma gari irin Diko, mai manoma da baƙin matafiya da 'yan kasuwa masu harsuna daban-daban, ya fi ɗakin taro na otal a Abuja dacewa da wannan gwaji. Daga ƙarshe yakan tabbatar an horar da ma'aikatan da za su karɓi ragama.

Wahalar ita ce samun mutanen da riƙe su. Injiniyan da ya iya wannan aiki yana samun ninkin-ba-ninkin albashin gwamnati a banki ko kamfanin waya, wasu kuma suna zaune a Abuja ko Kaduna suna yi wa kamfanonin ƙetare aiki ana biyansu da Dala. Wannan ya sa ma'aikatu ke dogara da kamfanonin ba da shawara na haya. Yin haka ba laifi ba ne, amma yana da nasa haɗari. Idan mai ba da shawara yana da alaƙa da mai sayar da na'ura, to dillali guda ne ke wakiltar mai saye da mai sayarwa. Idan kuma ya tafi da duk abin da ya sani ranar da kwangilarsa ta ƙare, ma'aikatar takan koma inda ta fito. Abin da ƙasashen da aka ambata suka yi shi ne ajiye ƙaramin ayari na dindindin a cikin gwamnati, da albashi na musamman, sannan a riƙa ɗauko na waje su yi aiki a ƙarƙashinsa.

Abin da ke gaba

Maganar ta fi muhimmanci yanzu saboda ayyukan da ke hannu sun shafi aljihun 'yan kasuwa kai tsaye. A 2020 Majalisar Zartaswa ta amince da shirin zamanantar da aikin Kwastan na Dala miliyan dubu 3.1, wanda aka miƙa wa kamfani na tsawon shekaru 20. Sabuwar manhajar B'Odogwu da aka fara gwadawa a Legas a 2024 ta maye gurbin tsohuwar, kuma a 2025 wakilan masu shigo da kaya sun koka kan tsaikon da ya jawo musu kuɗin ajiya a tashar jiragen ruwa. A watan Afrilu na 2024 aka ƙaddamar da shirin haɗa dukkan takardun shigo da kaya da fitarwa a ƙofa guda, sannan a watan Yuni na 2025 aka sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda aiwatar da su ya dogara ƙwarai da lambobin shaida da rumbunan bayanai. Kowane kwana da kwantena ta ƙara a tasha, farashinsa yakan biyo tirela har zuwa shagunan Suleja.

A matakin jiha, Neja tana da abin da za ta dogara da shi. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, tana yaye ɗaliban kwamfuta da sadarwa kowace shekara. A 2023 gwamnatin jihar ta kafa ma'aikata ta musamman mai kula da fasahar sadarwa da tattalin arzikin zamani, kuma akwai hukumar NIGIS mai adana bayanan filaye a kwamfuta. Wannan na ƙarshe ya shafi yankin Suleja da Tafa da Gurara fiye da ko'ina, domin cunkoson Abuja ya ɗaga darajar filaye, kuma takardar mallaka mai inganci ita ce jinginar da banki ke nema kafin ya ba da rance. Idan rumbun bayanan filaye ya sami tangarɗa, ko ya maƙale a hannun wani kamfani, rikicin da zai biyo baya zai daɗe a kotuna.

Akwai kuma kasuwa a cikin lamarin. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5 na watan Fabrairu, 2018 ya bukaci a fifita ƙwararru da kamfanonin cikin gida a kwangilolin kimiyya da fasaha. Gwajin manhaja, binciken tsaron bayanai, horar da ma'aikata, da gyaran na'urori a ƙananan hukumomi ayyuka ne da ba sa bukatar jari mai yawa, kuma ƙananan kamfanoni a Minna da Suleja da Kaduna za su iya shiga idan aka daina dunƙule komai cikin babbar kwangila guda.

Su ma ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna da ta cewa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta bai wa kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar Tarayya ya nemi bayani, kuma ta wajabta amsa cikin kwana bakwai. Majalisun ciniki da masana'antu da ƙungiyoyin kasuwanni suna iya tambayar kowace hukuma da ke shirin kawo sabon tsari: wane ne ke sa wa ɗan kwangila ido a madadin gwamnati, a ina aka gwada tsarin, wa ya mallaki bayanan, nawa ne kuɗin tafiyar da shi a shekara, kuma wace hanya aka tanadar wa jama'a ranar da na'ura ta ƙi aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma masu POS da dillalan mararrabar Diko sun san sa'o'in da sabis ke yankewa da irin kuskuren da ke maimaita kansa fiye da kowane rahoto da ke kan teburin babban sakatare.

Masu lura da al'amuran tattalin arziki sun daɗe suna nuni da cewa kuɗin ɗaukar ƙwararru masu sa ido ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin kwangilar kanta. Lissafin katin shaida na 2001 da na kyamarorin 2010 kaɗai ya kai Dala miliyan 684. Kafin a sa hannu a kan kwangila ta gaba, ya kamata majalisun dokoki da 'yan kasuwa su nemi a nuna musu sunayen mutanen da za su tsaya wa gwamnati a kan aikin, da kasafin da aka ware domin biyansu.